Shaihu Umar Da Uwa Tasa

Ya ku 'yan'uwana masu karatu, tun ba ku 'yan makaranta ba, ku sani labarin mutanen da iri biyu ne. Akwai wanda a ke kira tarihi, shi ne mai gaya mana wane ya yi sarauta shekara kaza, ya ci gari kaza, ya rasu, ɗansa ko ƙanensa ya gaje shi. Akwai kuma ƙagaggen labari wanda a kan gina bisa tarihi, watau marubuci ya ɗauki zamani na gaskiya da garuruwa na gaskiya, sa'an nan ya ƙago mutane daga cikin zuciyarsa ya zaunar da su a ciki, ya bar su su yi ta fama da abin da mutanen wannan zamani suka yi fama da shi. Tarihi ya kan tsai da kai a bayan ganuwa ka ƙirga ƙofofi. Ƙagaggen labari kuwa shi ke kama hannunka ya shigar da kai gari, har cikin gida, ka ga wanda ya ci tuwon dare da wanda ya kwana da yunwa.

Bari in ba ku misali da ƙasarmu. Ni mutumin Gwiwa ne, cikin ƙasar Kazaure, a nan kuma na ke koyarwa. Duk yaron da ya yi karatu a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ya ji sunan Ɗan Tunku, wanda ya kafa wannan sarauta. Ya ji yadda ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan an naɗa shi cikin 1819, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya bar Kazaure ta ci gashin kanta. Ya ji kuma ɗansa Dambo ne ya gaje shi. Duk wannan gaskiya ne, wajibi ne kuma a sani. Amma mu da mu ke zaune tsakanin Kano da Daura da Katsina, inda mahara daga Damagaram da Maraɗi suka riƙa ratsowa, wa zai gaya mana sunan mace guda da ta tafi rijiya ta komo ta tarar an kwashe 'ya'yanta? Babu. Ba a yi mata kirari ba, maroƙi bai san da ita ba. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Damagaram da Agadas ta wannan ƙasa ya kan ratsa. Baturen nan Barth, wanda ya shiga Kano cikin 1851, ya ƙiyasta bayin da a ke fitarwa daga birnin sun kai kamar 5,000 a shekara. To, ga lissafi mun samu, amma suna ko ɗaya ba mu samu ba.

Littafin da ya nuna mini fuskar mutum biyu daga cikin waɗannan dubbai shi ne Shaihu Umar, na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga asalinsa. Cikin 1933 Dokta R. M. East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya nemi malamai su rubuta labarai da Hausa, aka sa gasa. Littattafai biyar aka samu ta wannan hanya: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na Malam John Tafida tare da shi East, sai kuma Shaihu Umar. An haifi Malam Abubakar cikin 1912, ya gama Kwalejin Horon Malamai ta Katsina cikin 1933, ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa. Watau sa'ad da ya rubuta wannan littafi saurayi ne ɗan shekara ashirin da ɗoriya kaɗan, bai girme wa manyan cikinku da wani abin kirki ba.

Ku lura kuma da shekarun. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa cikin 1901 cewa ta yi duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba. Amma ba a kashe bauta ɗungum a Arewa ba sai cikin 1936. Ashe ke nan, ran da littafin ya fito cikin 1934, waɗanda aka kama da waɗanda suka yi kamun duk suna nan da ransu, suna haɗuwa a kasuwa, suna sahu ɗaya a masallaci. Ba tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya ba su ba, labarin jiya ya ba su.

Ga wanda bai karanta ba, ga yadda labarin ya ke a taƙaice. A Rauta, kusa da Bauci, akwai wani babban malami, Shaihu Umar. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya kwashe labari ya gaya musu. A Kagara aka haife shi, ya tashi maraya bai san ubansa ba. Uwa tasa ta auri wani bafade, Makau, wanda sarki ke ji da shi ƙwarai. Aka kai hari ƙasar Gwari don kamun bayi, da aka komo sai 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri, suka ce ya kamo fiye da abin da ya nuna, ya ɓoye saura. Sarki ya kore shi, ya tafi ya zauna a Maƙarfi. Kafin uwar ta bi mijinta sai ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun wata ƙawarta. A nan wani ya sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, waɗansu manoma suka tsinci yaron, mahara suka sake kwashe shi, har ya faɗa hannun wani Balarabe mai fataucin bayi, Abdulkarim, a Kano. Shi kuwa ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, har ya zama malami, ya gaji malaminsa Shaihu Mas'ud a limanci.

Uwar fa? Da ta ji ɗanta ya ɓace, zama ya gagare ta. Ta bi sawu har Kano. A can wani ya yaudare ta da cewa zai kai ta inda ɗanta ya ke, ashe sayar da ita zai yi. Aka ƙetara hamada da ita zuwa Murzuk, daga nan Tarabulus, tana baiwa a gidan mutane. Bayan shekaru masu yawa Umar ya yi mafarki, begen uwa ya kama shi, ya taso. A Tarabulus Allah ya haɗa su. Ta gan shi, ta gane shi, ba da jimawa ba ta cika. Umar ya biyo ayari, guguwar rairayi ta binne ayarin, shi ya tsira. A zamanin da Rabe ya ci Barno ne, watau wajen 1893, don haka ya ratso ya zo Rauta ya zauna.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. In ka dubi littafin nan da kyau, mutum uku ne a ciki, kowa da irin rabonsa, kowa da abin da duniya za ta kira nasararsa ko hasararsa.

Na farko Makau. Shi burinsa na fada ne: doki, da riga, da kusanci ga sarki. Ya kuwa samu. Marubucin bai mai da shi mugu ba. Mutum ne mai gaskiya, mai kyauta, mai riƙon maraya da amana. Duk mai karatu zai ji tausayinsa ran da aka kore shi a kan laifin da bai yi ba. Amma ku tsaya ku yi tambaya guda: mece ce sana'ar Makau? Da me ya sami wannan fada? Da hawa doki ya faɗa wa manoma suna cikin gonakinsu, ya kamo su ya kawo wa sarki. Gardamar da aka yi a fada ba a kan halaccin kamun aka yi ta ba, a kan yawan waɗanda aka kamo ne. Ba wanda ya tambayi sunayensu, ba wanda ya ce suna da uwaye. Ba a daɗe ba abin da Makau ya yi wa gidajen Gwarawa aka yi wa gidansa. Malam Abubakar bai tsaya ya yi mana wa'azi a kan wannan ba ko da kalma guda. Ya dai ajiye abu biyun kusa da juna, ya bar mai ido ya gani. Abin da mutum ya shuka shi ya kan girba, ko da ya shuka shi da bismilla.

A nan ne na ke ganin amfanin karanta Shaihu Umar tare da Ganɗoki. Ganɗoki barde ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, wanda Turawa suka ci garinsa cikin 1901, ita kuwa Kwantagora ta yi suna wajen kai hari ƙasar Gwari. A wurin Ganɗoki nasara ita ce yawan mazajen da ka kayar, da kirarin da a ke yi maka, da ɗa jarumi kamar Garba Gagare wanda zai gaje ka. Labari ne mai daɗi, mai sa jinin yaro ya motsa, ban kuwa hana kowa jin daɗinsa ba. Amma ƙasa ɗaya ce, zamani kusan ɗaya ne, har garin Kagara ya haɗa su, gama can aka haifi Umar na cikin labari, can kuma asalin Malam Bello marubucin Ganɗoki. Bambancin kurum shi ne, Malam Bello ya hau da mu bisa doki, Malam Abubakar kuwa ya sauko da mu inda kofato ke sauka. Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya, rabin labari ya ji.

Na biyu shi Umar kansa. In ana maganar ɗaukaka, shi ne ya kai ƙarshenta: maraya, bawa, baƙo a ƙasar da ba ya jin harshenta, ga shi ya zama limami, mutane suna tahowa daga nesa don su ɗauki karatu a gabansa. Ƙoƙarinsa da haƙurinsa da ladabinsa abin koyi ne, ba shakka. Ilmi ne kaɗai dukiyar da mahara ba su iya kwashewa ba, guguwa kuma ba ta iya binnewa ba. Raƙuma da kaya duk sun tafi, abin da ke cikin ƙirjinsa ya iso Rauta lafiya. Wannan darasi ne babba, shi ne kuma malamai suka fi gaya muku. Amma akwai saura. Tsanin da Umar ya taka ya hau, da me aka yi shi? Abdulkarim mutumin kirki ne ga Umar, amma kuɗin da ya ciyar da shi ya tufasar da shi, daga cinikin 'ya'yan waɗansu ya fito. Yaro guda ya shiga ran Balarabe ya zama ɗa. Sauran da aka kora tare da shi cikin ayari fa? Su ne 5,000 ɗin nan na Barth.

Ta uku ita ce uwar. Ba ta da sarauta, ba ta da karatu, ba ta da almajirai. Mu dai mun san ta da uwar Umar. Burinta guda ne tak: ta sa ɗanta a ido. A kan wannan ta bar miji, ta bar dangi, ta bar 'yanci, daga ƙarshe ta bar rai. In ɗan kasuwa ya buga lissafinta, zai ce ta yi hasara ƙwaya da ɓawo.

Bara na karanta wa 'yan ajina littafin nan, kaɗan kaɗan, kowace Alhamis. Da muka sauke sai na tambaye su, cikin mutanen labarin wa kowa ke so ya zama. Yawancinsu suka ce Shaihu Umar. Waɗansu 'yan maza masu son doki suka ce Makau, amma kafin a kore shi, aka yi dariya. Ba wanda ya ambaci uwar, ban kuwa ga laifinsu ba, gama wa zai zaɓi wahala? Sai wata yarinya a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni ba na so in zama ita. Amma ai ita kaɗai ce ta tafi da ƙafarta. Makau korarsa aka yi, Umar kuwa ɗaukarsa aka yi." Aji ya yi tsit.

Maganar yarinyar nan gaskiya ce. Ku koma ku duba. Sarki ne ya ɗaga Makau, sarki ne ya kayar da shi. Umar tun yana ƙarami daga hannu sai hannu, kamar ƙwarya a bisa ruwa, inda igiya ta kai shi nan ya ke zuwa. Mutum ɗaya ne cikin littafin ya zauna ya auna, ya san akwai mahara a hanya, ya san mace ita kaɗai ba ta da mai tsaya mata, duk da haka ya ɗaura ɗamara ya fita. Saboda haka in jarumtaka a ke nema, ba a wurin mai takobi ta ke ba. In kuwa nasara ita ce mutum ya sami abin da ya fita nema, to, cikin su uku ita ce ta samu. Makau bai nemi kora ba, Umar bai nemi Masar ba, ita kuwa ɗanta ta nema, ta kuma gan shi, malami, kamili, kafin ta rufe ido.

Dukanku, da Musulmi da Kirista, kun san labarin Annabi Yusufu: hassadar 'yan'uwa, da ayari, da sayarwa zuwa Masar, da mai gida wanda ya riƙe shi da mutunci, da ɗaukaka a baƙuwar ƙasa, da mahaifi mai bege. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar zai ji ƙanshin wannan labari. Amma ku dubi inda suka rabu. Annabi Yakubu an kawo shi Masar cikin girma, ya tarar da ɗansa bisa mulki, iyali suka taru. Uwar Umar kuwa a gidan bauta ɗanta ya same ta, ƙarfinta ya ƙare, ilminsa duk bai iya ƙara mata kwana ko ɗaya ba. Malam Abubakar yana da iko ya ƙare labarinsa da biki da guɗa, ya komo da su Kagara tare; alƙalami a hannunsa ya ke. Bai yi ba, don ya san ba haka zamanin ya kasance ba. Wannan shi ne amanar da ke wuyan mai ƙaga labari bisa tarihi: an yarda masa ya ƙagi mutane, ba a yarda masa ya yi wa zamani ƙarya ba.

Na sha jin waɗansu masu ilmi suna sukar littafin. Su kan ce yana koya wa mutane miƙa wuya, Umar bai taɓa ɗaga murya ya la'anci bauta ba, har ma kamar ana nuna bauta ce ta yi masa rana. Maganarsu abin dubawa ce, gama gaskiya ne Shaihu yana ba da labarinsa cikin natsuwa, yana mai da kome ga ƙaddara, kamar yadda malamin wancan zamani zai yi. Da marubucin ya sa masa maganar mutanen yau a baki, da ya ɓata shi. Amma amsar wannan suka tana cikin littafin, ita ce uwar. Duk wanda ya bi ta daga Fatika zuwa Kano, daga Kano zuwa Murzuk, daga Murzuk zuwa Tarabulus, ya ga yadda 'ya mai 'yanci ta zama haja don kurum ta yarda da maganar namiji mai rantsuwa, ba ya bukatar a ce masa bauta mugun abu ce. Hawayensa sun riga sun gaya masa.

Shi marubucin kuma, rayuwarsa ta zama abin tunani ga mai karatu. Malamin Midil ɗin nan ya tafi Ingila ƙaro ilmi cikin 1945, ya komo ya shiga majalisa, ya zama Firayim Ministan Nijeriya cikin 1957, shi ya karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. Ran 15 ga Janairu 1966 sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko, bayan 'yan kwanaki aka sami gawarsa, aka kai shi Bauci aka rufe. Ba annabci ya yi ba da ya rubuta labarin Makau, amma abin mamaki ne saurayi ya san tun da wuri cewa inuwar fada ba ta da tabbas. Yau hotonsa yana kan takardar naira biyar, jami'ar Bauci tana ɗauke da sunansa. Wannan rabon tarihi ke nan. Ɗan littafinsa kuwa ya yi tasa tafiyar: Mervyn Hiskett ya juya shi da Turanci cikin 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim da shi cikin 1976. Mulki bai cika shekara goma a hannunsa ba, littafin kuwa ga shi ya haura shekara tamanin ana karanta shi a aji.

Kada wani ya ce ai wannan duk labarin da ne, ya wuce. Hanyar da aka bi da uwar Umar tana nan, raƙumi ne kurum ya zama mota. Daga nan ƙasarmu, ta Daura ko ta Babura, yini guda ya isa mutum ya kwana a Damagaram, daga can sai Agadas, sai hamada, sai Libiya. Cikin watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya; yawancinsu mata ne da yara, da yawa kuma daga ƙasar Kance suka fito, maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka, masu magana da harshenmu. Cikin 2017 kuma duniya ta ga hotunan da aka ɗauko a Libiya, ana gwanjon 'yan Afirka kamar awaki. Dā da igiya a ke jan mutum zuwa Tarabulus. Yanzu da buri a ke jansa, shi ke biyan kuɗin motar da kansa. Mai yaudarar nan da ya ce wa uwar Umar zai kai ta ga ɗanta bai mutu ba, yana tasha, yana cikin waya, yana cewa akwai aiki, akwai kuɗi. A ƙauyukanmu kuma akwai uwaye waɗanda in waya ta yi ƙara sai gabansu ya faɗi.

Kada ku fahimce ni a karkace, ku ce Malam ya hana buri. Ko kusa. Yaron da ba shi da buri kamar gona ce da ba a yi wa shuka ba, ciyawa ce za ta cinye ta. Ina so cikinku a sami likita, da alƙali, da injiniya, da malamin da ya fi ni. Mai nema yana tare da samu. Abin da na ke roƙonku shi ne, duk ɗaukakar da kuka gani, ta wani ce ko taku, ku yi mata tambaya biyu: da me aka saye ta, wa kuma ya biya? In da hawayen 'ya'yan waɗansu aka saye ta, irin ta Makau ce, ranar biya tana tafe. In kuwa da gumi aka saye ta, to, ku bincika, sau da yawa ba gumin mai ita kaɗai ba ne.

Kai da ke zaune bisa benci yau, wa ya biya? Ni na san amsar, don ni ke karɓar kuɗin jarrabawa a tsumma, a ƙulle, da warin man gyaɗa a jikinsu. Akwai wadda ta kwana tana tuyar ƙuliƙuli. Akwai wadda ta kora akuyarta guda ɗaya zuwa kasuwa. Akwai wadda ta ɗauki tallan da kai ya kamata ka ɗauka, ta ɗora wa kanta, don kada ka makara. Ran da za a ba ka takardar shaida sunanka za a rubuta, ba nata ba, kamar yadda aka rubuta Shaihu Umar a bangon littafi. Ba ta kuwa damu ba. Amma kai ya kamata ka damu. Umar yana da hanzari, gama sace shi aka yi, bai san inda ta ke ba, da ya tashi nema kuma lokaci ya ƙure. Wanda ya sami aiki a Kano ko Abuja ko Ikko, ya san hanyar gida sarai, ya shekara bai taka ba, ya ga kiranta ya ƙi ɗauka don yana cikin manyan mutane, shi mene ne hanzarinsa?

Sa'an nan ga wani aiki da na ke so ku ɗauka. Tsofaffinmu suna ƙarewa, kowace tsohuwa kuwa ta tafi, da labarinta ta ke tafiya. In an yi hutu, ku zauna gaban kakanninku da takarda da alƙalami. Kada ku tambaye su sunayen sarakuna, waɗannan an riga an rubuta. Ku tambaye su daga ina kakarsu ta zo, wace yunwa ce ta tashe su daga tsohon gari, wa ya tafi cin rani bai komo ba, wa ya bi sawunsa. Ku rubuta da sunaye. Wanda Allah ya ba baiwa cikinku, ya gina labari a kai, yadda saurayin nan na Bauci ya yi. Ƙasar Kazaure ba ta rasa sarakuna a takarda ba, uwaye ta rasa.

Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya jiƙan dubban da aka ƙetara da su ba a san sunansu ba. Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya ba ku ɗaukakar da ba ta da haƙƙin kowa a cikinta, ya kuma sa waɗanda suka biya muku su ga ranarku tun suna da sauran ƙarfin cin moriyarta. Amin.